Daminar da Na Riƙe Katin Hamisu

Akwai gidan kallon ƙwallo kusa da inda nake zama da yamma a Ƙanƙara. Idan an tafi hutun rabin lokaci matasa kan fito shan iska, su tsaya kusa da ni suna gardama. Wannan ya ce da shi ne manajan ƙungiya kaza ta Turai da tuni ya sayar da wane, wancan ya ce a'a, wane za a kora. Kafin a dawo wasa sun kori mutum biyar sun sayo shida. Ba na sa masu baki. Amma abin da suke yi da baki, shekara ashirin da ɗaya na yi ina yin shi da hannu a ƙaramar ƙungiyarmu ta nan garin. Shi ya sa na ga ya kamata in rubuta masu yadda aikin yake idan wanda za ka cire ka san gidansu, ka san mahaifinshi, kuna tsayawa sahu ɗaya ranar Juma'a. Ban yi karatu mai nisa ba, zan faɗa yadda na iya. Akwai laifina a ciki, kuma ba zan ɓoye shi ba.

Aikin manaja daban, na koci daban. Koci shi ke da fili da usur, shi ke cewa wa zai shiga, wa zai zauna benci. Manaja nashi aikin yana farawa ne ranar da aka buga wasan ƙarshe. A wajenmu gasa takan ƙare kafin ruwa ya zauna, domin kusan duk 'yan wasanmu manoma ne, ba wanda zai bar noman farko ya zo atisaye. Daga nan har a fara karyar masara ba a buga komai. A wannan tsakanin ne manaja ke haɗa sunayen da za a kai ofishin masu shirya gasa, mutum ashirin da biyar, ba ƙari. Ranar da aka rufe rajista an rufe ke nan. Wanda sunanshi ba ya cikin takardar kowace ƙungiya, shekarar ta wuce shi.

Kayan aikina ba su da yawa. Jakar fata ce, a cikinta akwai fom, da hatimin ƙungiya, da biro biyu, da katunan 'yan wasa ɗaure da roba. Katin nan yana ɗauke da hoton ɗan wasa da sunan ƙungiyarshi, kuma a hannun manaja yake zama. Ɗan wasa ba ya iya komawa wata ƙungiya sai manajanshi ya miƙa mashi katin tare da takardar sallama mai hatimi. Sai kuma babur, don rabin aikin a kan hanya yake. Yawancin yarjejeniyarmu a gona ake ƙulla ta. Ka iske mutum yana huɗa, ku koma gindin bishiya ku tsuguna, a yi maganar takin da za a kai mashi kafin noma na biyu, da takalmi, da kuɗin mota ranar wasa. In mahaifinshi na raye, a zaurenshi ake ƙarasa maganar.

Wajen Malam Iro na koyi aikin, Allah ya ji ƙanshi. Tsohon malamin firamare ne, shi ya kafa ƙungiyar. Shi ya koya mani cewa a ƙasar nan ba a duban mutum a ce mashi an kore shi. Akwai maganar da aka saba. Wanda za a ci gaba da shi, sai a ce, ka riƙe jikinka. Wanda za a rabu da shi kuma sai a ce, sai mun neme ka. Duk ɗan ƙwallo daga nan har Faskari ya san cewa in an faɗi haka ba za a neme shi ba. Amma Malam Iro ya ce maganar ba ta cika sai da kati. Bakinka na faɗa, hannunka na miƙawa, don mutum ya samu damina guda ya nemi wani wuri.

Aike na farko da ya yi mani, wajen wani gola ne a Ketare da idonshi ya fara rauni. Na iske shi ƙofar gida, ya shimfiɗa mani tabarma, ya sa aka kawo fura. Muka yi awa guda muna maganar ruwa da tsadar taki. Na yi sallama na dawo da katin cikin aljihu. Malam Iro ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni ko akwai sauran mai a babur. Na ce akwai. Ya ce to in koma yanzu, kafin furar ta narke a cikina. Na koma. Golan ya karɓi katinshi, ya ce ai tun zuwana na farko ya gane, ya dai ji tausayina ne. Tun daga ranar Malam Iro ya san inda raunina yake. Ni ma na sani. Ban dai gyara ba.

Bayan Malam Iro ya aje aiki, jakar ta dawo hannuna. A shekarata ta uku na ɗauko Hamisu daga Pauwa. A wasan ƙauye na gan shi, ba takalmi, yana tsaye tsakiyar fili kamar bai damu ba. Ba shi da gudu sosai, bai kuma cika cin ƙwallo ba. Amma kafin ƙwallo ta iso ƙafarshi ya riga ya san inda za ta. Da hannu yake nuna wa 'yan gaba inda za su gudu, su gudu ba su waiwaya ba, su iske ta tana jiransu. Muka ba shi lamba goma. Kowace ƙungiya tana da mutum ɗaya da ake gina sauran a kanshi, namu shi ne Hamisu. Ranar da ba ya nan, sai ka ga 'yan gabanmu na yawo a fili kamar sun zo kasuwa ba su san abin da aka aike su saye ba.

Shekara tara ya yi mana. Sauran 'yan wasa aika masu nake yi idan atisaye ya kusa, amma shi da kaina nake zuwa Pauwa in ɗauko shi a babur. Abin ya zama al'ada. Mahaifiyarshi takan gasa mani masara sabuwa, ta ce in kula mata da ƙafar ɗanta.

A shekarar da ya cika talatin, Alhaji Mamman, ɗan kasuwar hatsi da ke ɗauke da nauyin ƙungiyar, ya je Faskari ya ga wani matashi Nura ɗan Tafoki yana buga tsakiya. Ya dawo bai da magana sai tashi. Muka je da koci muka gani, kuma gaskiya ne, Nura ya iya, ga gudu ga ƙuruciya. Amma ya ce ba zai zo zaman benci ba. Hamisu kuma ba mutumin da za ka zaunar a benci gaban mutanen gari ba ne. Wuri ɗaya ne, mutum biyu. Muka zauna mu uku a shagon Alhaji aka yanke shawara a kan Nura. Alhaji ya ce a sallami Hamisu cikin mutunci, a kai mashi takinshi kamar kullum, a ba shi katinshi tun da wuri. Abin da Alhaji ya ce ke nan. Na rubuta shi don kada wani ya ɗora mashi abin da ya biyo baya.

Matsalar ita ce mutanen Faskari ba su saki katin Nura ba. Sun ce za su saki, amma ba su ce yaushe ba. Na yi ta tunani, in na sallami Hamisu, su kuma suka fasa, da me zan fuskanci gari? Ƙungiya ba lamba goma, kuma kowa zai ce Manaja ne ya yi.

Ranar karɓar riguna, bayan wasan ƙarshe, na zauna gindin dalbejiyar bakin fili da jakata. Mutum huɗu na sallama a ranar, kowa da katinshi. Hamisu ne ya zo ƙarshe, ya ninke rigarshi ya aje a kan sauran. Na ce, "Hamisu, sai na neme ka."

Ya tsaya ya dube ni, ya dubi hannuna, ya ga ba kati. Sai ya yi dariya ya ce, "Manaja, mun neme ka na ji, ko na neme ka?"

Na ce, "Ka ji abin da na ce."

"To ai shi ke nan. Har gabana ya faɗi, na ɗauka tsufa ya iso. In ka zo ka taho da yunwa, bana masara za ta yi."

Ba kuskuren baki na yi ba. Tun daga gida na zaɓi kalmar. Da na ce mun, ya san ƙungiya ta sallame shi. Da na ce ka riƙe jikinka, na ɗaure kaina. Sai na nemi maganar da ke tsakani, wadda in Nura ya zo zan ce ai na gaya mashi, in bai zo ba in ce ai na ce zan neme shi. Shi kuma shekara tara ina zuwa nemanshi da kaina, to mi zai ɗauka?

Ana cikin noma na biyu sai Malam Bala, manajan wata ƙungiya a Sabuwa, ya ji ƙishin-ƙishin muna neman Nura. A shekarar ƙungiyarsu ta samu hawa gasar jiha, za su riƙa zuwa har Katsina buga wasa, abin da mu ba mu taɓa samu ba. Ya hau babur ya iske Hamisu a gona. Ya yi mashi tayin shekara biyu, kuma shi zai zama kyaftin. Hamisu ya yi godiya, ya ce amma manajanshi ya ce zai zo nemanshi, kuma bai taɓa saɓa mashi ba. Sai Malam Bala ya kira ni. Tare muka taso a harkar, ba ma jin nauyin juna.

Ya ce, "Kai mai jaka, dattijon nan naka, aiki za ka yi da shi ko rataye shi za ka yi a ɗaki?"

Na ce ɗan wasanmu ne.

"Ka rantse."

Na ce ina ruwan ƙwallo da rantsuwa.

Ya ce, "Lawal, na san ka fa. Ni tsakiyata duk 'yan gudu ne, ba mai hankali ko ɗaya. Zan bar layi ɗaya a takardata har ranar ƙarshe. In ka tashi sakin shi, ko a motar kasuwa ka aiko da katin."

Daminar nan sau biyar na je Faskari. Yau su ce sakatare ya yi tafiya, gobe su ce hatimi na wajen wani. Hamisu kuma yakan kira ni jefi-jefi ya gaishe ni. In ya tambayi shiri, sai in ce muna nan, ana ta ƙoƙari. Mutanen Pauwa da ke zuwa kasuwa suka riƙa gaya mani cewa kullum bayan sallar asuba yana gudu a burtali kafin ya shiga gona, har ana yi mashi tsiya ana cewa ko soja zai shiga. Takin da Alhaji ya ce a kai mashi na aika mashi da shi. Da ya ga taki ya zo kamar kullum, sai ya ƙara sakin jiki.

Katin Nura ya zo hannuna ranar Talata. Ranar Alhamis ake rufe rajista. Na rubuta sunanshi, na buga hatimi, na kai takarda. Kwana biyu suka rage, kuma sun isa. Da safiyar Laraba na sa katin Hamisu a aljihu, na sha mai, na kama hanyar Pauwa. Ban yi nisa ba na tsaya. Na riƙa ganin tabarmar da za a shimfiɗa mani, da tsohuwar nan tana hura wuta. Na juya. Na ce wa kaina hanya ba ta da kyau, don a lokacin an fara tare mutane a wajen. Amma a ranar na ga masu babur na wucewa da mata da kaya. Na ce to zan kira shi a waya, sai kuma na ce irin wannan magana ba ta waya ba ce. Ranar Alhamis Malam Bala ya kira sau biyu, ina kallon wayar har ta katse. Da la'asar ya cike layinshi da wani.

Ranar rabon riguna ban je ɗauko shi ba. Da kanshi ya zo, ya ɗauka baburina ne ya lalace. Ya sauka da takalmanshi rataye a wuya, da ƙullin masara da mahaifiyarshi ta ba shi ya kawo mani. Jikinshi ya faɗa, ya yi tsaf, ban taɓa ganin ya dawo hutu haka ba. Al'adarmu Alhaji ke kiran suna yana miƙa riga. Da ya hango Hamisu sai fuskarshi ta saki, ya ce, "A'a, Hamisu, ka zo yi mana fatan alheri? Allah ya yi maka albarka. Na ɗauka kana can Sabuwa."

Hamisu ya juyo ya dube ni. Rigar lamba goma na kan hannun Nura. Na buɗe jaka na ciro katin na miƙa mashi gaban kowa. Ya karɓa, ya juya shi, ya ce, "An rufe?" Na ce an rufe. Ya sa a aljihu. Ya je ya ba Nura hannu, na ji yana gaya mashi cewa ɗan gabanmu dogon nan ya fi son ƙwallo ta hagu, kada ya ba shi a sama. Ya aje ƙullin masarar kusa da jakata, ya gaida Alhaji, ya tafi. Da aka watse Alhaji bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Lawal, ba haka na ce ba."

Zan faɗi wani abu da matasa ba za su so ji ba. Nura ya yi wasa mai kyau, a shekarar muka ci kofin ƙaramar hukuma, aka ɗaga ni sama ana kiran sunana. A harkar ƙwallo shawarar daidai ce. Ba wanda ya tambaye ni Hamisu. Ƙungiyar Sabuwa kuma ta je Katsina ta buga wasanninta ba tare da shi ba.

Na yi ta ce wa kaina baɗi zan gyara, ko in nema mashi wuri da kaina. Baɗin ita ce shekarar da komai ya tsaya. Hanyoyi suka lalace saboda ɓarayin daji, ba mai yarda ya ɗauki matasa ashirin a mota ɗaya ya bi ta daji. Gonakin nesa ba a noma su ba. 'Yan wasanmu suka watse, wasu Kano, wasu Kaduna, suna acaba da leburanci. Kaka biyu ba a yi gasa ba. Ciyawa ta cinye filinmu, ragar kuma ɓeraye suka gama da ita a shagon Alhaji. Da aka dawo, Hamisu ya wuce talatin da uku, ga iyali, ga gwiwa ta fara. Shekarar da na riƙe katinshi ita ce ta ƙarshe da ta rage mashi, kuma ita ce mafi girma da aka taɓa yi mashi tayi.

To ku masu korar mutum biyar kafin a dawo hutu, cire ɗan wasa ba laifi ba ne, aikin ke nan. Kowace damina sai an cire wani, kuma sau da yawa wanda ya fi yi maka hidima ne. Amma ku faɗa da wuri, ku faɗa yadda ba zai fahimci wani abu daban ba. Shekarun ɗan ƙwallo kaɗan ne, ba naka ba ne da za ka aje su a jaka don gudun kada ka ji kunya.

Mun ci gaba da haɗuwa da Hamisu a kasuwa da wajen jana'iza. Yakan gaishe ni, Manaja ina gajiya, ni ma in amsa. Shekara bakwai muna haka. Bara na kwanta ciwo har aka yi mani aiki a Funtuwa. Da na samu sauƙi na sa aka kai ni Pauwa. Na iske shi da hantsi ƙofar gida yana gyaran famfon feshi. Ya shimfiɗa mani tabarma. Wannan karon ban yi maganar ruwa ba. Na gaya mashi komai, shawarar da aka yanke a shagon Alhaji, da yadda na zaɓi kalmar, da ranar Laraba, da kiran Malam Bala. Na ce na zo neman gafara.

Ya ce yawancin wannan ya sani, Malam Bala ya daɗe da gaya mashi. Ya ci gaba da ɗaure famfonshi. Can ya ce, "Abu ɗaya nake so ka gaya mani, Manaja, tunda ba wanda ya san ƙafata kamarka. Waccan shekarar, na ƙare ne? Da na je Sabuwa, da kunya zan sha?"

Na san amsar da za ta yi mana sauƙi mu biyu. Amma ƙarya na zo wankewa. Na ce mashi bai ƙare ba. Na ce yadda na gan shi ranar rabon riguna, ba ɗan tsakiyar da ya kai shi a duk yankin nan, kuma da ya je Katsina da an san da shi.

Ya aje sifana.

"Shekara bakwai ina gaya wa 'ya'yana tsufa ne ya cire ni," in ji shi. "Har ni kaina na yarda. Yanzu mi zan ce masu?"

Na ce ya ce masu ni ne.

Ya ce, "To. Haka zan faɗa masu."